Yadda Na Saka Ki a Hoton Bikin Auta, Na Kuma Cire Ki

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da maigidan da yara. Allah Ya ƙara muku lafiya, Ya sassauta miki wannan aikin asibiti da ba ya barin mutum ya miƙe ƙafa. Mu ma nan lafiya lau, alhamdulillahi. Gwiwar Baba ta yi sauƙi, har yana fita ƙofar gida ba sanda. Umma tana nan da hawan jininta, tana shan magani idan an tsaya a kanta. Auta kuwa tana ɗakinta lafiya, mijin nata mutumin kirki ne, ba ruwansa da hayaniya.

Abin da ya sa na zauna na rubuto miki maimakon in yi miki saƙon murya shi ne, idan na fara da baki muryata za ta ɗaga, ke kuma gaba kike da ni. Maganar albam ɗin bikin Auta ce. Kin san mai hoton da muka ɗauka ya nuna mana irin albam ɗin da yake yi, duk shafi furanni da zane mai ƙyalli, har amarya ta ɓace a ciki. Auta ta ce ba ta so. Ni kuma da shegen karambani, don ina ɗan taɓa kwamfuta a ofis, na ce ya zuba mana hotunan a filash kawai, ni zan tsara, in gyara, in kai a buga. Na ɗauka aikin Asabar da Lahadi ne. Yaya, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa.

Tun daga zaɓen hotuna rigima ta fara. Teburin falo ya koma ofishina, duk wanda ya shigo gidan sai ya ja kujera ya zauna a bayana yana numfashi a wuyana. Gwaggo ta ce ita ba ta kai yadda hoton ya nuna ta ƙiba ba, kyamarar ce ba ta da kyau, in rage ta. Na rage ta, ta ce in ƙara ragewa. Da na ƙara sai ƙofar da ke bayanta ta lanƙwashe kamar za ta faɗo mata a ka, ta ce ƙofa ba ta dame ta ba. Kawu kuwa babu hoto ɗaya da idonsa yake buɗe, kamar an biya shi ya rufe. Na samo idanunsa a wani tsohon hoto na liƙa masa, ya fito a zazzare kamar wanda ya yi arba da kura. Umma ta leƙo ta gani, ta yi dariya har da hawaye, ta ce wannan shi ne ainihin garin neman gira a rasa ido. Sai na mayar masa da idonsa a rufe, na ce ya yi ta barcinsa.

Ga kuma hasken zauren bikin da ya mai da kowa ruwan ɗorawa. Na daidaita launi hoto bayan hoto har idona ya fara ruwa, na kai wa mai buga hotuna na bakin titi gwajin shafuka kaɗan. Da suka fito, farar rigar amarya ta koma shuɗi-shuɗi, injinsa kuma ya yanke wa ango hula da rabin goshi. Na yi magana, ya ce ai ni ce ban bar fili a gefen shafi ba, kuma bai ga dalilin gaya mini tun farko ba tunda ban tambaya ba. Haka na dawo na sake jan kowane hoto ciki.

Duk wannan mai sauƙi ne, da shi kaɗai ne da ban dame ki ba. Babbar maganar ita ce hoton iyali, wanda muka tsaya da Baba da Umma, amarya a tsakiya. Umma ta kira ni ɗakinta ta ce ba za ta iya buɗe albam ta ga 'ya'yanta biyu ba alhali uku ta haifa, tunda na iya rage Gwaggo to in saka ki. Na ce mata abin ba zai yi kyau ba. Ta ce in gwada. Shi ya sa kwanakin baya na ce ki turo mini hotonki a tsaye, ban gaya miki dalili ba. Wanda kika turo kina sanye da rigar sanyi, rana tana dukan ki ta hagu, mu kuma fitilar zaure tana dukan mu ta sama. Na yanko ki a hankali, na bi gefen mayafinki kamar mai tsintar tsakuwa, na canza launin rigar, na yi miki inuwa a ƙasa don kada ki zama kamar kina shawagi. Na matsar da kaina gefe na ba ki wuri kusa da Auta. Wallahi na sha wahala, kuma a ƙarshe ya yi kyau fiye da yadda na zata. Umma ta daɗe tana kallon allon, tana shafa shi da yatsa.

Sai Auta ta zo gida yini. Na buɗe mata shafukan tana murna, har muka iso wannan. Can ta tambaye ni yaushe kika zo bikin ba ta gan ki ba. Na yi dariya don in kashe maganar, ita ba ta yi ba. Ta ce ta san asibiti ne suka hana ki hutu, ba ta riƙe wannan ba. Abin da ta riƙe shi ne a bakin Umma ta ji ba za ki zo ba, kuma tun daga ranar har yau ba ki kira ta ba, sai akwatin kaya da kika aiko da gaisuwa ta bakin mutane. Ta ce ranar da za a kai ta ta yi ta duba waya ko za ki kira, har ƙawayenta suka ƙwace wayar. Ta ce albam nata ne, ba za ta riƙa nuna wa 'ya'yanta ƙarya ba, in cire ki. Ba ta yi kuka ba, Yaya, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi.

Daga nan gidan ya rabu, ni ce a tsakiya kamar kullum. Umma ta ce idan na cire ki kada in kawo mata albam ɗin ta gani. Auta ta ce idan na bar ki ba za ta karɓa ba. Na je wurin Baba, ya ce shi bai san kan kwamfuta ba, amma a bar ranar yadda Allah Ya yi ta. Da wannan na cire ki. Aikin da na yi kwana da kwanaki ina yi, taɓa maɓalli ɗaya ya share shi. Sai dai na manta ban mayar da kaina wurina ba, haka aka buga, aka ɗinke, aka sa bango. Yanzu akwai fili tsakanina da Auta daidai faɗin mutum ɗaya, duk wanda ya buɗe sai ya tambaya ko faɗa muka yi. Umma har yau amsa gaisuwata take da ka.

Na san halinki, na san kunya ce ta hana ki kira, kullum kina cewa sai kin samo abin faɗa, kwanaki kuma suna tafiya. Amma ni na gaji. Na gyara launi, na gyara hula, wannan kam ba ni da manhajar gyara shi. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, kuma yarinyar nan a bayanki ta girma. Ki kira ta, ba ta wayar Umma ba, ba ta bakina ba. Idan ta ƙi ɗauka ki sake kira. Da yamma take zama ita kaɗai kafin mijin ya dawo daga aiki.

Ki gaida mini maigidan da kyau, da ɗanki sarkin ƙwallo, da 'yar lelena mai wushirya. Baba yana sa muku albarka. Gwaggo da Kawu suna gaishe ki, Umma ma na san tana gaishe ki ko da ba ta ba ni saƙon ba. Auta ban tambaye ta ba, wannan gaisuwar ke za ki karɓo da kanki.

Wassalam,
Ƙanwarki, 'Yar Tsakiya