Irin Geron da Na Binne a Ɗaki

Malam,

Sallama da gaisuwa mai yawa, Allah ya sa kana cikin rahama. Na san wannan takarda ba za ta iske ka ba, ko da kana raye ma sai an karanta maka. Amma bakina ya cika da magana, kuma kai ya kamata ka fara ji.

An yi ruwa, Malam. Ƙauyenmu Tsamaye ya yi kore shar, waɗanda suka gudu ci-rani suna ta dawowa.

Ka tuna labarin gafiya da kake ba yaranmu a gindin gawo in an huta da noma? Wai da aka raba wa dabbobi iri kowa ya shuka, ita ta cinye nata, shi ya sa har yau take cin rumbun wasu da sata. Ni kuwa in yi ta tsokanarka, ƙato da gemu yana tatsuniya da rana tsaka. Kai kuma ka kafe hikaya ce. Ka ce tatsuniya a yi dariya a watse, hikaya kuwa bin mutum take har ranar da zai buƙace ta. Ni duk ɗaya na ɗauke su.

To, hikayar ta biyo ni. Bayan rasuwarka fari ya ƙara tsanani, rumbu ya ƙare, muka koma jiƙa 'ya'yan anza masu ɗaci da dafa tafasa. Irin geron da ka zaɓa da hannunka na zuba a tulu, na liƙe bakin da laka, na binne a ƙarƙashin gado. Ƙanenka Ilu ya zo nema har ya gaji. Shi ya daka nasa, daga baya ya taka har kasuwar garin Isa neman iri, ya dawo hannu rabbana. Na san yunwa ce, ban ga laifinsa ba.

Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne zancen autarmu Hajo. Ta rame har wuyanta ba ya ɗaukar kanta, tana kuka a kan gadon nan, gero na ƙarƙashinta. Wace irin uwa ce ke yin haka? Na ɗauko fartanya in tone tulun ba sau ɗaya ba, sai gafiyarka ta faɗo mini a rai, in ajiye. Na ji haushinka ƙwarai, Malam. Da yarinyar nan ta mutu, da ban yafe mana ba, ni da kai.

Ruwan farko na sauka na fasa tulun. Na ɗiba wa Ilu, muka shuka, ya tsira, ya yi zangarniya. Jiya na gasa wa Hajo tumun farko. Ta ci, ta ci, ta ture sauran ta fita wasa. Malam, Hajo ta bar saura!

Yanzu na huce, hankalina ya kwanta. Ka huta lafiya, Allah ya kai haske kabarinka.

Ni ce matarka mai gardama,
Uwar Hajo