Kunnen Hagu na Saniyar Jumma

Zuwa ga Shugaban ayarin masu yi wa shanu allura da suka zo ƙauyenmu bayan girbin da ya wuce,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Yallaɓai, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da mutanen da ke aiki a ƙarƙashinka, ina neman afuwa da na sa wannan takarda a bainar jama'a. Ba don in tozarta kowa ba ne. Ban san sunanka ba, ban san inda ofishinka yake ba, ban ma san ko gwamnati ce ta turo ku ko wata ƙungiya ba. Maigidana ya yi ta tambaya a Illela. Wani ya ce ku na Sakkwato ne, wani ya ce daga can sama kuka zo, wani mai canjin sefa kuma ya rantse masa ku mutanen tsallake ne kuka ɓata hanya. Shi ya sa na ce bari in rubuta inda kowa zai gani, ko Allah zai sa ta faɗo hannunka.

Ni matar manomi ce a wani ƙauye na yankin Lafani. Abin da muke da shi bai taka kara ya karya ba: gonar gero da wake, 'yan awaki, kaji, da saniya guda mai tatsa da 'ya'yanta biyu. A kan saniyar nan nake rubuto maka, kuma sai na fara gaya maka cewa ba tawa ba ce.

Ta wata Bafulatana ce mai suna Jumma. Shekaru da dama da suka wuce, ita da mutanenta sukan sauka a gonarmu bayan an cire amfani, shanunsu su ci kara su bar mana taki. Wata shekara ta kwanta ciwo a nan, jikinta ya ƙi abinci, ni kuwa na yi ta dama mata kunun kanwa ina kai mata har ta miƙe. Ban ɗauke shi wani abu ba. Da za su koma wajen Ƙonni, can tsallaken iyaka, sai ga ta da igiya a hannu, ta jawo karsana fara, irin bokolon nan, ta ɗaure mini a turke. Wannan shi ne abin da Fulani ke kira habbanaye: a ba ka aron karsana ka yi kiwo, nonon naka ne, 'ya'yan da ta haifa naka ne, in ta cika haihuwar da aka yi alkawari sai ka mayar da uwar ga mai ita. Mu alkawarin haihuwa biyu muka yi da Jumma. Babu takarda, babu shaida sai mijinta, wanda ya riga ta rasuwa, da nawa mijin. A gidanmu 'Yar Jumma muke ce wa saniyar nan.

Daga ranar da ta fara haihuwa girkina ya canza. Furarmu ta rana ta samu nono, miyar kuka ta samu man shanu, har maƙwabta sukan aiko da ƙwarya in wani ya kwanta rashin lafiya. Ni da na girma ina dama fura da tsamiya, na san bambancin, kuma ban taɓa mantawa da wadda ta kawo mini shi ba.

Yanzu ga abubuwan da suka ɗaure mini kai.

Na farko, ranar da kuka zo. Ranar kasuwar Illela ce, maza duk sun tafi, har da maigidana. Ba wanda ya sanar da mu za ku zo. Ina madafi na riga na zuba gari, tuwo ya kai wurin tuƙi, kuma duk macen da ta san tuwon gero ta san in ka saki muciya a wannan gaɓa gudaji za ka ci. Na ji sallama, na ji an ce allurar shanu ce kyauta, na ɗaga murya na ce su shiga, turken na bayan rumbu. Na ji saniyar ta yi kuka, na ce ai zafin allura ne. Da na kwashe tuwo na fito, sai na ga jini a kunnenta na hagu. An sa wani abu mai kama da almakashi an ɗebe mata ƙarshen kunne. Na tambayi mai riƙe da abin, ya ce: "Hajiya, alama ta, don a san an yi mata. Mu dai aiko mu anka yi." Na yi godiya, har fura na dama musu. Guntun kunnen da ya faɗi ƙasa kuwa kaji ne suka yi gaba da shi ina kallo, ban san wata rana zan yi ta nemansa a raina ba. Tambayata ita ce, tun da kunnen dabba kuke yanka, me ya hana a tambayi mai gida ko akwai wani abu a kunnen?

Domin akwai. Kowane gidan Fulani na da shaidarsa a kunnen shanu. Ta gidan su Jumma tsaga biyu ce ƙanana a ƙarshen kunnen hagu, kuma daidai wurin ne mutuminka ya ɗebe, bai bar ko alamarsu ba. A lokacin raina ya ɗan sosu, amma na ce ba kome, ai Jumma ta san abarta ko a cikin duhu.

Na biyu, wannan shi ne inda hankalina ya kasa kamawa. Duk shanun ƙauyenmu da kuka yi wa allura, a kunnen dama kuka yanke su, har da 'ya'yan 'Yar Jumma da ke turke ɗaya da ita. Ita kaɗai aka yanka a hagu. Na yi ta tunani, na ga wataƙila don ta jingina da bangon rumbu ne, kunnenta na dama ya ɓuya, mutumin ya kama wanda ya fi kusa da hannunsa. To amma akwai wani makiyayi, Buba, da ke ruga gabas da mu. Shaidar gidansu tun kakanni ita ce a ɗebe ƙarshen kunnen hagu, kusan irin yankanku sak. Da mutanenka suka isa rugarsa suka ga kunnuwa a yanke, sai suka ce an riga an yi wa waɗannan, suka wuce. Har yau shanun Buba ba su ga allura ba. Yallaɓai, in dama ce ƙa'idarku, me ya sa kuka tsallake Buba alhali nasa a hagu suke? In kuma dama da hagu duk ɗaya ne a wurinku, to wa zai faɗa wa mutane haka? Ni dai abin da na gani shi ne an shigo an tarar da saniyar Jumma, an fita an bar mini mai shaidar Buba, a kan turkena, ba tare da ta motsa ko taku ɗaya ba.

Na uku. Da sanyin bana Allah ya yi wa Jumma rasuwa. Shekarun nan da zirga-zirgar iyaka ta yi wuya ba mu cika haɗuwa ba, sai saƙon gaisuwa, kuma labarin mutuwarta bai iso ni ba sai bayan an yi sadakar bakwai. Na yi kuka ƙwarai. Kwanan baya 'ya'yanta maza suka zo don a haɗa dukiyarta a raba gado. Su ba su san saniyar ba, don suna kudu da garke lokacin da aka haife ta, da lokacin da aka ba ni ita. Uwarsu dai ta bar musu wasiyya cewa akwai fara a hannun aminiyarta ta Lafani. Na yi musu tuwo da miyar kuɓewa busassa, na zuba mai har ya kwanta a sama, suka ci, sannan na kai su turke ina murna zan sauke nauyi. Babbansu, Umaru, ya kama kunnen hagu ya juya shi, ya daɗe yana dubawa. Sai ya ce: "Inna, wagga ba tamu ta ba. Shaidar gidan Buba ag ga kunnenta."

Na ba su labarin allura. Suka zagaya ƙauye suka duba shanun mutane, suka dawo suka ce sun yarda an yi yanka, amma duk a dama. Aka kira Buba, ya ce shi bai ɓatar da saniya ba, bai kuma tuna ya sayar mana ba, sai dai shanunsa da yawa sun bi ta kasuwa, ba zai rantse a kan kowace fara ba. Maigidana ya ba da shaida, aka ce mijin mai magana ne. Ba wanda ya ɗaga murya, ba wanda ya kira ni ɓarauniya. Amma na ga abin da ke idonsu: suna zaton ta Jumma ta mutu ko mun sayar, muka sayo wata muka ɗaure. Maigidana ya ce su haɗa da maraƙi ɗaya su tafi da su, a kashe magana. Suka ƙi, suka ce ba za su sa abin da ba su tabbatar ba cikin gadon da ke da rabon ƙananan yara. Umaru ya ce za su jira har ruwan farko ya sauka, lokacin tashinsu ke nan. Ya ƙara da cewa: "In hujja ba ta samu ba, ba mu kai ki ƙara. Mun bar ki da Allah." Yallaɓai, da ƙarar suka kai ni da ya fi mini sauƙi. Tun ranar ban ci abinci na ji daɗinsa ba.

Na huɗu, maganar nono, wadda ita ce ke tashina kowace safiya. Saniya ba ta san ana rigima a kanta ba, hantsarta na cika kamar kullum. Alkawarina da Jumma ya cika, ta kuma rasu, to nonon na wa ne? Na aika aka tambayi malamin unguwarmu, ya ce na magada ne, kada in taɓa. Aka tambayi wani a Gidan Katta, ya ce tun da ni ke ba ta harawa da dusa, in sha gwargwadon wahalata. Magada kuma sun ce saniyar ba tasu ba ce, balle nononta. Buba ya ce shi ba ruwansa. Na ce to bari in bar wa maraƙi ya tsotse duka, sai na tuna maraƙin nawa ne, ashe na sha ke nan ta bayan gida. Abin da nake yi yanzu, ina tatsa, in kaɗa, in soya man in zuba a kwalabe in ajiye wa duk wanda ya tabbata mai shi ne, tsalar kuma in bayar sadaka da sunan Jumma, ban ma sani ba ko ina da ikon bayarwar. Mun koma fura da tsamiya. Maigidana yakan dubi miya ba mai, ya dubi kwalaben da ke jere a kan bango, ya ci gaba da cin tuwonsa. Yara su sai tambaya suke yi, kuma na rasa yadda zan yi musu bayanin abin da ni ma ban gane ba.

Ba na cewa allurarku ba ta da amfani. Bana ba mu ji tarin shanu a ƙauyenmu ba, mun gode. Ba na kuma neman a kori kowa daga aiki, mutumin da ya yi yankan bai san abin da ya ɗebe ba. Ga dai roƙona.

Ina roƙon ka turo wanda ya riƙe almakashin nan, ko kai da kanka, kafin ruwan farko, a tsaya gaban mai garinmu da 'ya'yan Jumma. Ba sai ya tuna saniyar ba. Ya kawo abin yankan kawai a gwada bakinsa da kunnenta, a kuma gwada da na shanun Buba da aka yanka da wuƙa, ya faɗa da bakinsa cewa wani lokaci hannu kan kama hagu. Fulani sun san yankan wuƙarsu, in suka ga ƙarfen da idonsu ina sa ran za su gane.

Ina roƙon a koma a yi wa shanun Buba allurarsu. Kuma nan gaba in za ku zo, ku sanar da mai gari, kada ku zo ranar kasuwa, ku duba kunne kafin ku yanka, ko ku nemi wata alamar da ba ta cin shaidar mutane.

Hadari ya fara haɗuwa ta gabas da yamma-yamma, kowa a ƙauyen nan na roƙon ruwa, ni kaɗai gabana ke faɗuwa in na ji iska ta canza. In mutanen nan suka tashi da wannan magana a bakinsu, za ta bi su ruga-ruga, a ce an ba wata Bahaushiya habbanaye a Lafani ta musanya, kuma ban ga Bafulatanar da za ta sake ɗaure wa wata macen garinmu karsana ba. Na san masu rubuto maka kan nemi a ba su wani abu ne. Ni so nake ka taimake ni a kwance saniyar nan daga turkena, 'ya'yan Jumma su ja ta su tafi suna cewa ta uwarsu ce, ko da furar gidana ba za ta ƙara ganin nono ba.

Allah ya ja zamaninka, ya yi riƙo da hannunka a kan aikin da aka ɗora maka, ya tsare ka da riƙon amanar da ba ka san yadda za ka sauke ba. Allah ya jiƙan Jumma, ya sa ta huta.

Wassalam.

Taka mai jiran amsa,
Asabe, daga yankin Lafani, Illela.