Takalmin Hagu a Kwatar Lahore

Zuwa ga Shagufta, sanyin idona, ruwan randa a tsakiyar bazara, furen lemun da ƙamshinsa ke riga shi shiga gida! Gaisuwa gare ki daga mai kewar da ta hana shi jin daɗin shayi.

Daga Lahore nake rubuto miki, a zaune bakin gadon wani masauki da ko akuyar gidanku ba zan yarda ta kwana a ciki ba. Saura kwana tara a ɗaura mana aure, kuma akwai maganar da dole ki ji daga gare ni kafin ranar. Sau uku ina ɗaukar waya, bakina yana ƙin buɗuwa, shi ya sa na koma ga takarda.

Kin tuna yammacin da na bi ta bakin magudanar gonarku ta rake, na taka laka na wuce kamar ban gan ki ba, alhali zuciyata na neman tsaga ƙirji ta fito? Daga baya ƙanwarki Nighat ta tsegunta mini cewa ina ba da baya kika durƙusa, kika auna sawuna da zare, don kunya ta hana ki tambayar girman ƙafata. Wata uku kina zuba zaren zinariya a kan fata kafin baduku ya haɗa takalman angon nan. Wace mace ce a duk garinmu Layya ta taɓa yi wa namiji haka? Ranar da kika miƙo su ta bayan labule kika ce, "Kada su taɓa ƙasa sai ranar. Kuma ka ji, Liyakat, talauci ba ya ba ni tsoro, mun saba. Namiji mai maƙo ne ba zan iya zama da shi ba." Na yi dariya na ce ai kin tsira.

To ga abin da na aikata, ya hasken rayuwata. Basharat ɗan kawuna ne ya same ni ya ce, "Ango, taso mu je Lahore ka ga duniya kafin a sa maka linzami. Ni na san yadda ake zaga garin nan kaf da kuɗin shayi." Na biyo shi don na san yadda kike marmarin ganin birnin, na ce bari in koyi hanyoyi in kawo ki bayan biki. Sai rawar kai ta sa na cusa takalman a jaka, wai in ɗauki hoto da su a gaban tsohuwar fadar sarakuna in ajiye miki.

Tir da wannan yawo! Bangon ɗakinmu ja ne wur da tofin masu taunar wani ganye mai rina baki kamar goro, katifar kuwa kuɗin cizo ne masu gida, mu baƙi. Bayan gidan ba zan kwatanta miki ba, don ina son ki ci abinci yau. Fadar da muka zo gani, ta ƙofa muka leƙa, saboda shiga sai da tikiti. Lambun sarakuna, kan tulin shara muka hau muka hango shi ta saman katanga. A gidan namun daji ta waje muka tsaya har zaki ya yi gurnani, Basharat ya dafa ni ya ce, "Ka ji shi ko? To me ya rage? Sauran ai gashi ne kawai." Abinci kuma, mu biyu ƙarti masu lafiya, da guzuri a aljihu, muka shiga layin shinkafar sadaka muna ture tsofaffi da kafaɗa. Na ci, Shagufta. Har ƙari na karɓa, ina ta jin kaina mai wayo.

Jiya da hantsi na sa takalman aka ɗauke ni hoto a bakin ƙofar fadar. Daga nan muka wuce hubbaren wani waliyyi don in roƙi Allah albarkar aurenmu. A bakin ƙofa akwai wani dattijo mai ajiyar takalma, rupi ashirin ya ba ka lamba. Ashirin! Ko ƙwan kaza ba za ta saya ba. Ya dubi ƙafata ya ce, "Ɗana, wannan ai na ango ne, kawo in ɗora maka a sama." Basharat ya ja ni gefe yana raɗa, "Kada ka yi wauta. Raba su za ka yi, ɗaya nan ɗaya can. Ɓarawo ba ya ɗaukar wari guda." Na yi kamar ban ji dattijon ba. Na tura na dama ƙarƙashin teburin wata mai sayar da furanni, na kai na hagu bayan tankin ruwa a ɗaya ƙofar. Sannan na shiga na ɗaga hannu, ba kunya ba tsoron Allah, ina roƙon ya sa in zama mijin da ya dace da ke.

Da na fito, na dama na nan. Na hagu babu shi. Ba ɓarawo ba ne kuma. Wata mai furanni ta waccan ƙofar ce ta ce, "Mai ƙyallin nan? Ayya, ɗan'uwa, masu wanke farfajiya sun kore shi da ruwa, ga shi can ya bi kwata."

Kin taɓa ganin kwatar birni, ya ke wadda ko ƙura ke jin nauyin sauka a mayafinta? Allah kada ya nuna miki. Baƙa ce ƙirin, mai kauri kamar kunun da ya kwana, tana tafe da hanjin kaji, da ruɓaɓɓun furanni, da leda, da mushen ɓera ya kumbura. Cikin wannan aikin hannunki ya shiga, ya maƙale a ƙarƙashin wani murfin siminti. Ina tsaye na rasa abin yi, Basharat ya ce, "Share kawai, ango. Kasuwa cike take da irinsa, na san inda za a ba mu a rabin kuɗi. Wa zai gane?" Wallahi warin kwatar bai tayar mini da zuciya kamar wannan magana ba, don har na fara auna ta a raina kafin in farga. A nan na ga mutumin da kika ce ba za ki iya zama da shi ba, kuma ba Basharat ba ne. Na ji ƙyamar kaina.

Na naɗe hannun riga, na kwanta rub da ciki a kan titi, na zura hannu har kafaɗa. Abin da yatsuna suka taɓa kafin su kai gare shi, zai bi ni har kabari. Sau biyu ina amai. Mutane suka taru suna dariya, wasu na ɗauka da waya. Da na zaro shi, dattijon nan ne ya zo da bokiti yana kwara mini ruwa, ya ce, "Ashirin ɗin ta fi sauƙi, ko ba haka ba, ɗana?" Na miƙa masa kuɗi ya ƙi karɓa.

Na wanke shi da sabulu har fatar hannuna ta saɓule, na jiƙa shi da ruwan wardi. Zaren zinariyar ya koma baƙi-baƙi, hancinsa ya karkace, kuma idan rana ta buge shi warin yana tasowa. Ga su nan a gabana, ɗaya yana ƙyalli, ɗaya abin tausayi. Kin kuwa san abin da ke jiranmu: ina cire su a gidanku ƙannenki za su sace su kamar yadda ake yi wa kowane ango, su ɗaga su sama a gaban mata kowa ta ga aikin amarya, sannan su yanka mini fansa. Duk gwaggwanninki sun san wata ukun da kika yi a kansu. Me za su gani? Wace amsa za ki ba su, ke da ba ki yi laifin komai ba?

Ba zan sayi wani in yaudare ki ba, ko da zinariya tsantsa aka ƙera shi. Idan kin ce in zo, da su zan zo, kuma kafin kowa ya buɗe baki ni zan tsaya gaban babanki da dangi in faɗa da bakina cewa kin ba ni amana na kai ta kwata don gudun rupi ashirin. Dariyar ta zama tawa ni kaɗai. Nighat ta toshe hanci ta faɗi duk kuɗin fansar da ta ga dama, zan biya ban buɗe baki da ciniki ba, ko da keken ɗinkina zan sayar.

Idan kuma kin ce abin da kika faɗa a bayan labule yana nan daram, ba ni da bakin musu, don kin gaya mini tun da wuri. Direban motar daren yau zan ba takardar nan don ta riga ni isa. Jibi motarmu za ta iso Layya da la'asar. Ki aiko Nighat tasha da kalma ɗaya. Ba zan shiga gari ba sai na ji ta.

Naki ne ni, ko kin karɓa ko kin mayar, kuma ba zan zama na wata ba har a rufe ni da ƙasa,

Liyakat