Sun Kalli Fim Ɗinka, Baba

Assalamu alaikum Baba,

Bayan gaisuwa da roƙon Allah ya haskaka makwancinka. Na san wannan takarda ba za ta iske ka ba, amma ba ni da wanda zan faɗa wa abin da ke cina sai kai.

Gida lafiya. Albasar da ka bari a fadama ta yi kyau, an kai ta kasuwa. Inna ta fita takaba, sai dai har yau ba ta son a ambaci fim ɗinka a gabanta.

Ɗaliban nan na Aliero da suka ɗauke ka a fim ɗin sun gama haɗa shi. Ranar Asabar bayan la'asar suka nuna shi a ɗakin taron wata makaranta a nan Jega. Minti goma sha biyar ne kacal. Ga ka a wani zamani mai zuwa, tsoho mai sanda, an kafa wata na'ura a tsakiyar kasuwa wadda ke mayar da tsoho saurayi, amma duk shekara goman da ta cire maka sai ta share mutum guda daga zuciyarka. Ka shiga sau uku, ka fito kana saɓa buhu, ka koma gida ka kasa gane ɗiyarka. Ka dawo kana dukan ƙofar na'urar a ba ka tsufanka, ta ƙi buɗewa.

Ka san abin da 'yan kallo suka yi, Baba? Dariya. Samarin da ke bayana giɓinka kawai suka gani. Da aka ba da damar magana, wani ya ce ƙarshen bai yi ba, wa zai samu ƙuruciya ya mayar saboda ɗiya mace? Wani malami ya ce ja da ikon Allah ne, alhali ya shigo an kusa gamawa. Wata mata daga Dangamaji kaɗai na ga tana share ido da mayafi, ita kuwa ba wanda ya tambayi ra'ayinta. Da aka ɗora shi a waya, abin ya fi muni. Mutanen da ba su taɓa taka Jega ba suna kwaikwayon “munka” da “sunka” ɗinka, suna cewa a fara gyara wa tsohon harshe kafin fuska. Mutumin da ya shiga ajin yaƙi da jahilci da furfurarsa, shi suke koya wa gyaran kai?

Sai Kawu Sani na Maiyama, ƙanenka. Ka tuna ranar da ya zo har zaure ya ce ka zubar da mutuncin gidanmu da wannan fim? Shi ya karɓi makirufo, ya ce shi ya ƙarfafa maka gwiwa. Aka tafa masa.

Ban tashi na ƙaryata shi ba, don ni ma ba ni da bakin magana. Ni ka fara roƙo in fito a matsayin ɗiyar. Na ce ina da aiki. Ƙarya na yi, Baba. Kunyarka nake ji, kada abokan aikina su ga ubana yana wasan yara. Ka ce ba komai, ka ci gaba da ɗaure igiyar kekenka.

Sai suka samo wata yarinya daga Liba ta fito a matsayin ɗiyar. Kafin ka shiga na'urar, ka dafa kanta ka kira ta Saratu. Ɗaliban sun gaya mini ba sunan da suka rubuta ke nan ba, kai ka ce ba za ka iya da wani suna ba. Me ya sa ba ka faɗa mini ba? Ko ka san da ka faɗa ma ba zan zo ba?

Wata mai kamawa za su nuna shi a Birnin Kebbi, suna son wani daga iyali ya yi jawabi. Kawu har ya ba da ɗinkin babbar riga. Jiya na aika masa cewa ya huta, ni zan je. Ban san abin da zan ce ba, kuma na san za su sake dariya. Su yi, ina tsaye.

Allah ya gafarta maka. Ka yafe mini, ko da na makara.

Ɗiyarka,
Saratu