Ganyen da Amana Ya Gani

Tremont, Bronx,
Oktoba, 2015

Zuwa ga Yaya Nankling,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, tare da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ƙafar Mama? Allah ya ƙara mata sauƙi, ya ba ki ƙarfin ɗawainiya da ita. Ni lafiyata ƙalau, aiki yana tafiya a shagon nan na Canal Street, sanyi ne kawai ya fara leƙowa. Dina, 'yar garinmu da ke nan, za ta taso gida mako mai zuwa, ita za ta miƙa miki wannan takarda da wani ɗan ƙunshi. Kada ki buɗe ƙunshin sai kin kai ƙarshe.

Yaya, takarda na rubuto domin ita ba a kashe ta a kunnen mutum. Tun watan jiya Mama ba ta ɗaukar wayata. Da na kira ki kika ce in yi haƙuri, in gyara halina tukuna. Wane hali? Sai a bakin Dina na ji cewa labari ya zaga zumuntar matan cocinmu na gida kaf, wai Shamshon ya lalace a Amirka, yana naɗa ganye a ɗakinsa. Na san wanda ya kai. Amana ne, ɗan gidan ƙawar Mama. Ya zo wurina wata Lahadi bayan sujada, ya ga ganye a kan tebur na rufe da jiƙaƙƙen tsumma, ya tambaye ni ko mene ne. Na ce masa ganye nake naɗawa. Bai sake tambaya ba. Ya cinye shinkafata har da neman ƙari, ya goge baki, ya fita ya kira uwarsa. Mutumin da ke aiki a asibiti, amma hancinsa bai san bambancin taba da wiwi ba! Da na tare shi a ƙofar coci, cewa ya yi shi abin da na faɗa ya maimaita. Abin da na mayar masa ba zai shiga takardar da za a karanta wa Mama ba.

To ga abin da nake yi, dalla-dalla. Taba ce, irin mai kaurin nan da ake naɗewa da ganyenta, babu takarda. A nan suna ce mata siga, amma ba ta shayi ba. Wani dattijo ɗan Dominika na fara gani yana yi a bakin wani shago kusa da mu, na tsaya kallon hannunsa har na makara. Ba ya jin Turanci sosai, don haka na je laburare na aro littattafai. Kin san yadda na koyi karatu bayan na bar makaranta, da yatsa a kan layi, ba wanda ya zaunar da ni. Haka na bi wannan ma, a cikin jirgin ƙasa, zuwa aiki da dawowa. Ana fesa wa busasshen ganyen ruwa ya yi laushi, a zare jijiyar tsakiya. Akwai na ciki, akwai wanda ke ɗaure shi, sai a danne a cikin katako ya kwana. Washegari a sa masa riga da ganye mafi kyau, a liƙe bakin da ɗan ƙaro. Na farkon da na yi sun matse kamar sanda, ko iska ba ta wucewa. Yanzu dattijon yana juya nawa a hannu ya gyaɗa kai. Ina shan ɗaya ranar hutu, sauran in ba abokan aiki. Ban ɓoye ba, ba kuma zan ce ba na sha ba.

Abin da ya riƙe ni a wurin, Yaya, ƙanshin ne. Ranar da na buɗe ganyen farko, ɗakin Kaka ne ya faɗo mini a rai, da tabarsa da yake shukawa bayan rumbu, da lofensa. Mama da kanta ta sha ba mu labarin yadda take shanya masa ita tana yarinya. Hancinta ba zai manta ba.

Saboda haka guda ɗaya ce a cikin ƙunshin. Ki kai mata, ki karya a gabanta, ki bar ta ta shinshina. Na san tabar ma ba za ta so ba. Za ta ce jikina haikalin Allah ne, za ta tuna mini tarin Kaka. Na yarda, wannan faɗan nawa ne, na saye shi. Amma ba zan ɗauki faɗan abin da ban yi ba, kuma ba zan zauna uwata tana sunkuyar da kai a cikin mata saboda kalma ɗaya ba.

Ki gaishe mini da maigidanki, da Baba Ƙarami, da yara duka. Uwar Amana ma ki gaishe ta, ki ba ta rabin ta shinshina.

Ki ce wa Mama ranar Lahadi bayan sujada wayata tana hannuna. Ta kira ta zage ni a kan taba. Ba zan katse ta ba.

Ƙaninki,
Shamshon