Zanen da Baba Ya Ɓoye a Ƙarƙashin Sirdi

Aikin farko na yau: duba iskar tayar baya kafin fita. Na duba, ba ta sace ba.

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara, ya kuma ƙara masa sauƙin ciwon bayan da kika ce yana damunsa. Mu nan lafiya lau. Inna tana nan da ƙarfinta, sai dai idonta na hagu da ke ruwa idan ta daɗe a rana. Mun karɓo maganin ɗigawa, kuma ni nake ɗiga mata safe da yamma, don idan aka bar ta da shi sai ta ce ta sa alhali kwalbar ba ta ragu ba. Babbar 'yarki ta wajena ta shiga aji biyu na sakandare. Auta ta yi famfara, haƙora biyu na gaba, tana ta ɓoye baki da hannu.

Saƙonki ya iso ta wayar Maman yara, na kuma saurare shi sau uku. Na zaɓi in ba ki amsa a takarda ne domin a waya kin fi ni saurin baki, kafin in haɗa magana ɗaya kin riga kin yanke hukunci uku. Abin da na fahimta shi ne: tunda gwiwata ta dama ta kai ni asibiti, in daina hawan keke, in riƙa bin mota zuwa wurin aiki, keken Baba kuma a rataye shi a ɗakinsa yadda ya bar shi. Kin kuma ce kin ji wai duk Asabar ina zama da wasu mutane muna zancen giya. Wannan gaskiya ne, Yaya, amma giyar keke ce, ba ta kwalba ba. Sauran maganar kuwa, ki yi haƙuri, ba zan bi ba. Ban taɓa ce miki haka ba tun da muka taso, shi ya sa nake so ki ji dalilina daga farko har ƙarshe kafin ki ɗauki waya.

Kin tuna ranar da aka raba kayan Baba, shekara tara ke nan. Ke kika ce duk wanda ya ɗauki keken ya bar shi yadda Baba ya bar shi, ni kuma na amsa. Na duba littafin da nake rubuta abubuwan yau da kullum: a shekarun nan na canja taya sau bakwai, kaca sau uku, robar birki ban ma ƙirga ba. Waɗannan ba wanda ya ce komai, don kowa ya san suna cinyewa. Amma sirdi ban taɓa matsar da shi ba ko da faɗin farce, saboda a gidanmu ana ce masa zaman Baba. Ko yara suka hau suna wasa, sai a ce su sauka daga zaman Baba. A kansa nake yin kilomita goma sha ɗaya zuwa maɗaba'ar da nake aiki, in yi goma sha ɗaya in dawo. Shekara biyu da suka wuce gwiwar ta fara ciwo, musamman a tudun tankin ruwa, inda hanya ke hawa. Likita bai ce in daina ba, ko me aka gaya miki. Cewa ya yi in huta mako biyu, sannan ya tambaye ni ko ƙafata tana miƙewa idan ina tuƙi. Ban san amsar ba. Shekara tara ina kan abu, ban taɓa kallon ƙafata ba.

Mutanen Asabar ɗin mu huɗu ne, a rumfar mai gyaran keke muke haɗuwa kafin mu fita. Akwai shi mai gyaran, akwai Tela wanda ke ɗinka mini kaya, akwai wani malamin lissafi mai keke mara nauyi, mai giya ashirin da ɗaya. Da na gaya musu tambayar likita, sai suka sa na hau, malamin ya riƙe mini kan keken, suka ce in ɗora dunduniya a kan feda in saukar da ita ƙasa. Wai idan sirdi ya yi daidai, ƙafar za ta miƙe sambal. Tawa tana lanƙwashe. Tela ya yi dariya har ya dafa bango, ya ce ashe shekara tara a tsugune nake zuwa aiki, kamar mai wanki a bakin famfo. Ya ce shi da ya ɗinka mini wando shekara goma ya fi Maman yara sanin tsawon ƙafata, kuma ko a mafarki wannan ƙafa ba ta wannan sirdi ba ce. Ya zaro tef ɗin awo daga wuyansa ya auna ni daga dunduniya zuwa inda wando ke rabuwa, malamin ya yi lissafinsa a bayan kwalin tub ɗin taya, suka ce sirdin yana bukatar ɗagawa da santimita shida da rabi.

Daga nan gardama ta tashi, irin wadda ba ta ƙarewa a rumfar. Malamin ya ce in bar wahalar da kaina, in nemi keke irin nasa, wai na Baba ƙofar gareji ce aka sa wa taya. Mai gyara ya ce masa ya yi a hankali, siririyar kacarsa nan shekara ɗaya take yi ta miƙe, shi da hannunsa ya canja masa biyu, amma ƙarfen keken nan sai ya ga jikokin kowa a cikinmu. Ya ce matsalata biyu ce kawai: sirdi ya yi ƙasa, sannan faifan baya mai haƙora goma sha takwas ya yi mini nauyi a hawa, in sa mai ashirin da biyu. Na ce ai Baba da sha takwas ya hau tudun nan. Tela ya ce to, Baba ya bar mini kekensa, amma ya bar mini gwiwarsa ne?

Na hau kekena na bar rumfar. Na dawo gida na rubuta dalilan ɗaga sirdin da dalilan bari a shafi biyu, kamar yadda kike yi mini tsiya a kai. A shafin bari abu ɗaya ne kawai: na yi wa Yaya alkawari. Na kwana uku ina juya shi. Na sani ya kamata in kira ki, kuma na sani da na kira ki da ban yi ba. Saboda haka ban kira ba. Wannan laifin na ɗauka, ba zan ɗora wa kowa ba.

Da mai gyara ya kwance noti ya ja, sandar sirdin ta ƙi motsi. Tsatsa ta haɗe ta da bututun da take ciki, sun zama abu ɗaya. Ya gaya mini gaskiya, ya ce idan aka matsa mata da ƙarfi bututun zai iya tsagewa, kuma idan ya tsage keken ya tashi aiki ke nan, sai dai a rataye shi da gaske. Ya ce in je in yi shawara da masu keken. Na ce ni ne mai keken. Ban san daga ina maganar ta fito ba. Kwana tara muka yi ana ɗiga mata kananzir da baƙin mai, ni ina bin mota zuwa aiki, ina biyawa ta rumfar kowace safiya in ɗiga da hannuna. A rana ta goma ya cire sirdin, ya kifa keken, ya damƙe sandar a abin matse ƙarfe na kan teburinsa, ni da Tela muka kama gangar jikin muna murɗawa. Sai ta yi wata ƙara kamar an karya ƙashi. Na saki, na kasa dubawa, na tabbata na kashe keken Baba da hannuna. Mai gyara ya shafa bututun da yatsa, ya zagaya sau biyu, ya ce in buɗe idona, ba abin da ya tsage sai tsatsa.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Kin san Baba da zane da ƙusa: tsayinmu a jikin ƙofar ɗakinsa, iyakar ruwa a jikin durom. Da aka goge sandar da tsumma, sai ga zanensa guda biyu. Ɗaya shi ne wanda muka sani, daidai bakin bututu, inda sirdin ya tsaya shekara tara. Ɗayan yana can ƙasa, a ɓangaren da ke ɓoye a cikin bututun, zane mai zurfi, tsoho, ƙarfen wurin har ya cinye saboda daɗewar matsi. Wato a da can sirdin ya fi haka tsayi. Tela ya auna tsakanin zanen biyu: santimita bakwai. Na sa ya sake aunawa, na karɓi tef ɗin na auna da kaina. Bakwai ne.

Na kawo sandar gida na nuna wa Inna. Ta juya ta a hannu, sannan ta ce tunda abin ya fito da kansa, ita ta sauke nauyi. Ta ce a shekararsa ta ƙarshe, da ƙafafunsa suka fara rauni har ba ya iya kai ƙafa ƙasa idan ya tsaya, wata safiya bayan mun fita ya kira ta tsakar gida, ta riƙe masa sirdin ya saukar da shi. Ya ce kada ta gaya wa kowa, don idan yaran nan suka gane za su raba shi da kekensa, musamman waccan babbar. Haka Inna ta faɗa, Yaya, ban ƙara ba ban rage ba. Ta ce wata bakwai kawai ya yi a kan wannan zaman, sauran shekara talatin kuwa a sama yake, kai a miƙe. Na tambaye ta me ya hana ta faɗa da ta ga ina ɗingishi. Ta ce ita ta san sirrin mijinta, ba ta san gwiwa da sirdi suna da dangantaka ba, kuma ba wanda ya tambaye ta.

To kin ji. Abin da muka yi shekara tara muna tsarewa, zaman rashin lafiyarsa ne. Shi da kansa ya gyara keken ya dace da jikinsa don kada a sauke shi, ni ma abin da na yi ke nan. An goge sandar, an shafa mata giris, an mayar. Ban tsayar da ita a zanen Baba ba, na tsayar da ita a awon Tela, rabin santimita ƙasa da nasa, domin ya ɗan fi ni tsawon ƙafa. Na ɗauki ƙusa na yi nawa zanen. An kuma sa faifan mai haƙora ashirin da biyu. Tsohon, wanda haƙoransa suka cinye suka zama kamar ƙaya, na wanke shi na sa a gwangwanin notinan Baba.

Yau kwana huɗu ina zuwa aiki a kansa. Na hau tudun tankin ruwa a zaune, ban sauka na tura ba, gwiwar kuma ba ta yi kuka ba sai ɗan nauyi da yamma. Ba na cewa na warke. Kwana huɗu ba hujja ba ce, kuma na sha yin kuskure a abin da na tabbatar. Na ja layi a littafina na kwana talatin, kowace rana zan rubuta yadda gwiwar ta kwana, in koma wa likita da shi. Idan ya ce in sauka, zan sauka, ni zan buga ƙusar da za a rataye keken. Amma kafin nan ba zan rataye shi ba, kuma ranar Asabar zan bi su Tela kilomita arba'in, in Allah ya yarda. Idan za ki yi faɗa ki yi da ni, kada ki kira Maman yara, ba ta san an taɓa sirdin ba sai da aka gama.

Ki gaida maigidanki da kyau, ki gaida takwaran Baba, ki ce masa kawunsa yana jiran sakamakon jarrabawarsa. Ki gaida 'yan biyu da surukarki. Inna tana gaishe ki, ta ce in gaya miki ba da mugun nufi Baba ya ce waccan babbar ba. Maman yara da yara duk suna gaisuwa. Allah ya bar zumunci, ya jiƙan Baba.

Ƙaninki mai girmama ki, ko da bai bi maganarki ba.

Abin da ya rage na gobe:
1. Ƙara matse notin sirdi, in duba ko ya zame daga zanena.
2. Mayar wa Tela tef ɗinsa.
3. Kaca ta ɗan yi sako-sako, a ja tayar baya.
4. Maganin idon Inna, safe da yamma.
5. Kai wannan takarda gidan waya, ba tare da na sake karanta ta ba.