Abin da Na Gani a Bayan Takardar Awara

Soron Ɗinki, Kano
Ranar Talata

Zuwa ga ƙanwata Zubaida,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwa mai tarin yawa, da fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da Malam Abdulmalik da 'yan biyunki. Allah Ya tsare ku a wannan gari na ruwa, Ya ƙara muku lafiya da rufin asiri. Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana fitowa zaure tana yi wa masu wucewa faɗa, kin ga ai ta warke ke nan. Kin san ni da ƙyuyar rubutu, da waya zan kira ki. To abin da ke cikin ambulan ɗin nan sai an riƙe shi a hannu, shi ya sa na ba Ilu direba da zai sauke shanu a Fatakwal. Takardu biyu ne tare da tawa, kada ki taɓa su sai na ce miki.

Maganar Kausar ce. Na san ba kya kama sunanta, 'yar fari, to ni zan kama miki. Kin tuna bayan ƙaramar salla mijinki ya kira maigidana Alhaji Musbahu, ya ce yarinya shekara shida ba ta iya rubuta ko sunanta ba, in ba ta ci jarrabawar shiga aji ɗaya ba a mayar masa da 'yarsa ya sa ta makarantar can. Ke ba ki ce komai ba. Tun yaye take hannuna, Zubaida. Ni ke goyo, ni ke tsifa, ni ke kitso. Allah bai ba ni haihuwa ba, kika ɗauko ta kika ɗora mini a cinya, ga shi wai fensir zai raba ni da ita.

Kuma gaskiya littafinta ba ya kalluwa. Kowane shafi ja ne, Anti Binta malamarsu ta soke daga sama har ƙasa. Ban ga laifinta sosai ba, yara saba'in gare ta a aji. Abin da ya ɗaure mini kai, yarinyar nan a wajen Malam Salihu na Kabara ta fi kowa kyan rubutun allo, amma a ba ta boko sai ki ga haruffa sun juya wa mutum ƙeya, ba kai ba gindi. Na ɗauka iskanci ne da taurin kai irin na dangin ubanta. Na yi lallashi, na yi tsawa, har ranƙwashi na yi mata, Allah Ya yafe mini. Sai ta zuba mini ido tana hawaye, tana cewa ita fa ta rubuta daidai. Rannan haushi ya kwashe ni, na yage shafukan duka na miƙa wa Jummai mai awara ta katanga, na ce ta naɗe awara da su, ko sa yi wani amfani.

Yanzu ɗauki takardar farko, mai maiƙon nan. Kada ki yatsina fuska. Kwana biyu bayan nan, da la'asar, na sayi awara, Jummai ta naɗo mini a cikinta. Mai ya jiƙa ta har ana hango rubutu ta baya. Na kifa ta zan goge hannu, sai idona ya faɗa kai. Ikon Allah! Juya ta ki ɗaga wa haske ki gani da idonki. Daga A har Z, a jere, ba wanda ya ɓata, ga sunanta a ƙasa tsaf. Ashe ta dama take farawa tana tafiya hagu yadda take yi a allo, kowane harafi kuma ta juya shi ya fuskanci inda ta nufa. Ba wanda ya taɓa gaya mata boko hanyarsa daban. Na zauna daɓas a tsakar gida na yi kuka har Inna ta zaci rasuwa aka yi.

Da safe na yafa mayafi sai makaranta. Anti Binta na ganina da takardar awara ta fara haɗe rai. Na kifa takardar a gilashin taga na ce ta karanta. Ta karanta, ta sake karantawa, ta dafe ƙirji tana salati, ta ce shekararta tara tana koyarwa ba ta taɓa kawo wannan a ranta ba. Ta ba ni haƙuri, na ce haƙuri yarinya za mu ba mu duka biyun.

Maganin kuwa a gida na same shi. Na kwaɓa lalle na ƙunsa mata ɗan ƙaramin yatsan hagu shi kaɗai, ya yi jawur. Na ce mata in tana wajen Malam ta fara daga hannun cin tuwo, in tana wajen Anti ta fara daga wajen jan yatsa. Kullum da yamma in ba ta gawayi, ta cika simintin tsakar gida da haruffa, in watsa ruwa, ta sake. Sati uku muna yi. S ce ta ba mu wahala, ita da J, kullum sai sun waiwaya. Inna ta ce mun mayar mata da gida bangon makaranta, amma ita ce ke korar kaji kada su taka.

Ranar jarrabawa muna saurin fita na duba hannunta, lalle ya koɗe fes, ga shi ba lokacin sake wani. Ita kuwa ta ce in rabu da shi, ai yanzu ta san hanya. Na raka ta, na kasa komawa gida, na tsaya gindin darbejiyar makaranta ina jan carbi kamar mai jiran haihuwa. To buɗe takarda ta biyu. Kin ga makin? Ba ja ko ɗaya sai na yabo. A yara saba'in ita ce ta biyu! Anti Binta da kanta ta ɗaga takardar a gaban aji, aka yi ta tafi. Ni kuwa na saki guɗa a bakin ƙofa, ban ji kunyar kowa ba. Duk telan da ke lungunmu sai da na tsayar da kekensa ya gani.

Ki nuna wa Malam Abdulmalik duka biyun, ki ce ina gaishe shi, sharaɗinsa ya cika, Kausar ta shiga aji ɗaya. Ki shafa mini kan Hassana da Usaina. Inna da Alhaji suna gaishe ku, Jummai ma ta ce a gaishe ku, wai ita ce ta fara gyara takardar.

Saura magana ɗaya tsakanina da ke. Ba wanda zai ƙara cewa 'yar nan ba ta da kai, kuma ba wanda zai karɓe ta a hannuna da wannan hujjar. Amma in ke ce kike kewarta kika ɓoye a bayan maganar mijinki, kada kunya ta hana ki faɗa mini. Ki faɗa, ni da kaina zan hau mota in kawo miki ita, ko da kuka zan yi har Fatakwal. In kuma kin bar mini ita, ki rubuto da hannunki, manya-manya. Ita za ta karanta mini.

Wassalam. Taki har abada,
Yayarki Rabi'atu